Bai Racho da Takarda Mai Baƙin Gefe

Kwana uku kacal fansho ya yi latti a watan Satumba, saboda ruwan sama ya cinye hanyar da motar gidan waya ke bi. Duk tsofaffin ƙauyen Orlets suka yi haƙuri, suka ci abin da ke ɗakin ajiya, ban da Racho, wanda ake kira Bai Racho, yadda ake kiran dattijo a can. Shi a rana ta biyu ya hau kan bencin gaban shago, ya cire hula, ya sanar da jama'a cewa gwamnati ta kusa durƙushewa.

Matarsa Minka tana cikin shagon tana sayen gishiri. Da ta ji muryarsa sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta fita ba. Shekara arba'in da bakwai tana jin wannan murya, ta san lokacin da za ta jawo wa gida asara.

Aikin da Racho ya yi a duniya ɗaya ne: ɗaga ƙarfe da sauke shi a inda titi ya gitta layin dogo. Jirgi biyu ke wucewa a rana. Amma in ka saurare shi, sai ka ɗauka ranar da ya yi ritaya jiragen ƙasar nan duka suka ɓata hanya.

"Ku yi tunani mana," in ji shi daga kan benci. "Wa ke zuba kuɗi a asusun fansho? Matasa. Ina matasan? Ɗanka yana Jamus yana wanke motoci, Tanas. 'Yar Stoyna tana Sifen tana tsinkar lemo. Tsoho goma sun rataye a wuyan yaro ɗaya. Bana kwana uku, baɗi wata uku, daga nan sai su riƙa aiko mana da katin gaisuwa."

Tanas mai sayar da itace yana zaune a kan kwalin lemo. Ya ce, "Sauko kafin ka faɗo, Bai Racho. Gwamnatin da ka kashe ba za ta ɗora maka ƙugu ba."

"Ku yi dariyarku. Ni daga yau na daina jiran Dafina da jakar wasiƙunta. Kamfani zan buɗe."

"Na me?"

"Na lutenitsa."

Lutenitsa kuwa ba baƙon abu ba ne a Orlets. Babu gidan da ba a gasa jan tattasai a kaka, a niƙa shi da tumatir, a dafa, a cika kwalabe don shafa wa burodi lokacin sanyi. Kowace mace a Orlets tana ganin tata ta fi ta maƙwabciya. Racho kuwa ko ƙwai bai taɓa dafawa ba.

"Wa zai saya?" in ji Tanas.

"Manyan shagunan birni. Daga nan Jamus. Ɗanka ma zai daina wanke mota, ya zama wakilina."

Da suka shiga tsakar gida, Minka ta nuna masa rumfar itace. An jere ta har rabi. Sauran rabin kuwa sai fanshon Oktoba ya zo za a saya wajen Tanas, kamar kowace shekara. A nan in ƙanƙara ta sauka a Disamba, ba ta tashi sai Maris, kuma gidan da itacensa ya ƙare a tsakiyar Janairu ya san abin da ake kira wuya.

"Ka buɗe kamfani, ka buɗe banki in kana so," ta ce. "Itacen nan dai kada ka taɓa ko ɓawonsa."

"Tsohuwa, kafin Kirsimeti da lantarki za ki riƙa ɗumama ɗaki. Har akuya sai na sa mata hita."

"Akuya ba ta roƙe ka ba. Ka ji abin da na faɗa."

Da fanshon Satumba ya iso, ko aljihunsa bai ɗumama ba. Racho ya tafi kasuwar gari ya dawo da buhu takwas na jan tattasai da kwalabe ɗari biyu. Ya ce a rabin kuɗi ya samu, domin mai kayan yana ganin idonsa ya gane ƙwararre ne. Minka ta kwance buhu ɗaya, ta ɗauko guda, ta juya shi. Siriri ne, mai tsinin baki.

"Ka ɗanɗana kafin ka saya?"

"Mai ido ba ya ɗanɗanawa."

"Wannan barkono ne, tsoho."

"Tattasai ne irin na zamani. Ke kin tsaya a na kakanki."

Kowa a ƙauyen a kan faifan ƙarfe yake gashi, ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri. Racho ya ce wannan aikin mata ne. Ya ciro gangar tsohon injin wanki, ya soke ta da sandar ƙarfe, ya haɗa da sarkar keke da feda, ya gina murhu a ƙarƙashi. Ya cika gangar, ya hau kujera, ya fara taka feda kamar mai tseren keke. Maƙwabciyarsu Stoyna, bazawara ce wadda ba abin da ke wuce ta, ta kafa haɓa a kan shinge.

"Ina za ka haka, Bai Racho?"

"Jamus."

"To ka gaishe su."

Minti goma bai cika ba hayaƙin ya tashi. Ya fara da Racho, ya shiga wa Stoyna maƙogwaro, ya bi layi gida gida. Karnuka suka yi ta atishawa. Wata tsohuwa a ƙarshen layi ta fito da tawul a hanci tana tambaya ko an fara yaƙi ne. Racho yana hawaye yana taka feda, yana cewa ƙamshin inganci ke nan. Sai murfin gangar ya ɓalle. Barkono gasasshe ya yi ta fita kamar harsashi, ya tsallake shinge, ya sauka a kan fararen zannuwan gadon Stoyna da ta shanya. Kajinta suka rufa a kai, sannan suka bazu suna gudu da baki a buɗe.

"Sai ka wanke min su da hannunka," in ji Stoyna.

"Ki ajiye su. Wata rana za a ce ga tambarin kamfanin na farko."

Gangar nan cin wuta take. Rassan da ya tattara suka ƙare a rana ɗaya. Sai ya koma jiran Minka ta tafi tatsar akuya, ya zaro gungume biyu daga bayan rumfa, inda ido ba ya kaiwa. Ya bar layin gaba tsaf, yana ƙwaƙule na ciki. A rana ta biyar Minka ta jingina tsintsiya a jikin itacen, layin gaban ya rufta ciki, domin babu komai a bayansa.

Ba ta yi ihu ba. Mace mai hankali ba ta ihu a kan abin da ya riga ya zama toka. Ta tsaya tana duban ramin, sannan ta dube shi.

"Jari ne," in ji Racho, yana ja da baya. "Kowane gungume zai dawo da goma."

"Fanshon Oktoba," ta ce, "daga hannun Dafina sai hannuna, daga hannuna sai na Tanas. In ka miƙo yatsa sai na sa shi a injin niƙa."

Duk da haka ita ce ta zauna ɓare ɓawon barkonon, don ba ta iya ganin abinci ya lalace. Hannayenta suka yi ja, idanunta suka kumbura har da ƙyar take buɗe su. Shi kuma ya karɓi aikin juya tukunya, yana juyawa yana waya da wani tsohon abokin aikinsa a birni, yana ba shi labarin ma'aikata talatin da zai ɗauka. Ya ɗaga hannu don ya nuna girman ginin da zai yi, wayar ta zame ta nutse cikin lutenitsa. Da aka tsamo ta, ba ta sake magana ba.

Kwalba ɗari da sittin suka cika. Saura talla.

Abin da ya faru a gari ranar Laraba, sai daga baya Minka ta ji shi. Maɗaba'a ɗaya ce a garin, kuma aikinta kusan ɗaya ne: buga takardun sanarwar mutuwa, irin waɗanda ake mannawa a bishiya da ƙofar coci, da baƙin layi a gefe da hoton mamaci a tsakiya. Mai maɗaba'ar ya faɗa wa Racho kuɗin takarda mai launi. Racho ya yi tari. Sai ya hango tulin takardu masu baƙin gefe a kan kanta, an riga an buga musu layin, sun fi araha nesa ba kusa ba.

"Waɗannan na mamata ne, Bai Racho."

"Takarda ba ta san mamaci ba. Baƙi ma ai launin manyan kamfanoni ne. Buga."

Ya miƙa hotonsa mafi kyau, wanda ya ɗauka ranar ritaya, da kwat da lambar yabo, fuska a murtuke. Ya sa aka buga sunansa da manyan haruffa, a ƙasa shekara saba'in da uku, don a san kamfanin na mai gogewa ne. Sannan ya kawo tarihin rayuwarsa shafi biyu, ya ce ba za a cire ko kalma ɗaya ba. Dole aka matse shi da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero, tallar lutenitsa da farashinta suna can ƙarshe. A ƙasan takardar aka sake manyan haruffa: Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya, a gidansa, ana gayyatar kowa.

Ranar Alhamis da sassafe ya fita da kwanon gam. Ya tambayi kansa inda mutanen Orlets ke tsayawa su duba takarda kowace safiya, ya kuma ba kansa amsa daidai. Ya manna a babbar bishiyar dandali, tsakanin marigayi maƙeri da marigayiya ungozoma. Ya manna a ƙofar coci, da tashar bas, da jikin shago. Daga nan ya taka zuwa babban titi ya hau bas ta farko zuwa birni, don ya gana da masu manyan shaguna. Ya ce wa Minka sai Asabar, ranar buɗe kamfani. Ba wanda ya ga fitarsa.

Wanda ya fi kowa ƙuruciya a Orlets ya haura sittin. Ba mai karanta ƙananan haruffa a tsaye a bakin bishiya. Ana duba baƙin gefe, a duba hoto, a duba rana da lokaci, shi ke nan.

Minka tana wanke tukunya ta ji ƙararrawar coci, bugu ɗaya ɗaya, a hankali. Ta yi alamar gicciye, tana tunanin ko wane ne kuma. Tana sanye da baƙaƙen kayan da take sawa tun rasuwar yayanta, idanu a kumbure, hanci ja. A haka Stoyna ta same ta, ta faɗo mata a wuya.

"Wayyo Minka, dubi idanunki. Kuma ko bango ba ki buga min ba, kika zauna ke kaɗai."

"Wa ya mutu?"

Stoyna ta ja baya ta dube ta da tausayi. Ta zaro takardar daga aljihu. Minka ta kai ta nesa, ta kawo ta kusa. Ƙananan haruffan ba ta iya ganinsu, amma ta san hoton, ta san kuma mutumin da ya dama gam a bokitin akuya da safe.

"Wannan sakaran talla ya manna. Lafiyarsa ƙalau. Yana birni."

"Mun sani, 'yar'uwa, yana birni. A asibiti abin ya faru ko? Hayaƙin nan ne. Ni tun ranar na ce ba zai bar shi ba."

"Da ƙafarsa ya tafi, Stoyna."

"Haka suke tafiya. Nawa ma da ƙafarsa ya shiga motar."

"Asabar zai dawo."

"Haka aka rubuta. Ƙarfe goma sha ɗaya za a kawo shi. Ki zauna, komai ki bar mana."

Kafin rana ta yi tsaka gidan ya cika. Minka ta gaya wa mutum na farko, ta gaya wa na biyar, ta gaya wa na goma sha ɗaya. Kowa sai ya girgiza kai, ya shafa mata kafaɗa, ya fita waje ya ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ta ce a kira shi a waya, sai ta tuna inda wayar ta ƙare. Ta ce a kawo tabarau a karanta takardar, aka ce ta daina wahalar da idanunta, aka kawo mata shayi. Aka rufe madubin ɗaki da tawul, kamar yadda ake yi a gidan mutuwa. Tsofaffi biyu suka ɗauki shebur suka nufi maƙabarta. Daga nan ta tsuke bakinta. Ta ce a ranta, shi ya kashe kansa, ya zo ya ta da kansa.

Da abin ya tsaya nan, da har ta ji daɗinsa, domin rabon da wani ya dafa mata shayi ta manta. Sai Juma'a ta zo, ranar fansho. Dafina mai kai wasiƙu ta shigo da jakarta, ta riƙe hannun Minka biyu, ta yi mata ta'aziyya yadda ya kamata.

"Na gode," in ji Minka. "Ba ni ambulan ɗin."

"Ai na mayar, Inna Minka. Na rubuta ya rasu, motar safe ta tafi da shi."

"Kika mayar?"

"Dokar ke nan. Bara na ba wata bazawara kuɗin mijinta don tausayi, sai da na yi wata biyu ina zarya a ofis."

"Kin karanta takardar kuwa?"

"Na ga baƙin gefe, na ji ƙararrawa, na wuce ana haƙa rami. Me kuma zan karanta?"

"In kuma yana da rai fa?"

Dafina ta dubi Stoyna, Stoyna ta yi mata alama da ido. "In yana da rai," in ji Dafina da murya mai laushi, irin ta lallashin mara lafiya, "sai ya je ofis da kansa, da shaidu biyu da takardar likita. Wata biyu, ko uku, a mayar da shi cikin masu rai."

Bayan ta fita Minka ta zagaya rumfa. Gungume tara suka rage. Ta ɗaga kai, kan duwatsu ya riga ya fara fari. Ta daɗe a tsaye a wurin, kuma hawayen da suka zo mata a wannan karon ba na barkono ba ne.

Asabar gari ya waye da sanyi. Tun ƙarfe goma mutane suka fara zuwa da kyandir da furanni, kowa ya ƙirga nasa bibbiyu kamar yadda ake yi wa mamaci. Mata suka kawo dafaffiyar alkama da sukari a babban faranti. Stoyna ta duba kicin ta ga babu abin haɗa burodi, sai ta hango kwalabe a jere.

"Aikinsa na ƙarshe," ta ce. "A ci don a tuna da shi." Ta sa aka yi ta buɗewa ana shafa wa burodi, da kauri, ba rowa.

Wanda ya fara gatsa shi ne tsohon malamin makaranta. Ya tauna sau biyu, ya tsaya, idanunsa suka kawo ruwa. Ba ya iya tofarwa a gidan makoki, sai ya haɗiye. Na kusa da shi ya ga malam yana kuka, shi ma ya gatsa, shi ma ya fara. Kafin minti biyar tsakar gidan nan babu busasshen ido. Maza suna share hanci da hula, mata suna fifita baki da gefen ɗankwali. Ba a taɓa yi wa mutum kuka haka a Orlets ba, har maƙeri da kowa ke so.

Ana cikin haka sai ga ƙarar tarakta. Tanas ne, ya jawo tirela cike da busasshen itace, mai kauri, irin wanda yake ɓoye wa masu biya da kyau. Ya aske gemu, ya sa farar riga. Kowa ya san kafin Racho shi ya fara neman Minka, kuma matarsa ta rasu shekara shida ke nan. Ya sauko ya tsaya gabanta yana murza hula.

"Minka, na ji rumfarki ba komai. Mace ita kaɗai ba ta shiga sanyi haka. Wannan naki ne, ba na son ko kwabo. In ya ƙare akwai wani."

Minka ta dubi tirelar, ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya a karo na goma sha biyu. Sai Fada Serafim, limamin coci, ya iso. Shi sai Asabar yake zuwa, ƙauye biyar yake yi wa hidima. Ya tsaya a bakin ƙofa inda aka manna takarda ɗaya, ya ciro tabarau, don ya samu abin faɗa a kan marigayi. Ya fara karantawa da muryar addu'a, jama'a suka yi tsit.

"Ya yi shekara arba'in yana tsaron layin dogo, jirgi bai taɓa wucewa ba da izininsa ba. Ministoci sun sha neman shawararsa." Fada ya ɗan yi gyaran murya, ya ci gaba. "Ya hango faɗuwar fansho tun kafin masana su hango. Saboda haka yake sanar da jama'a cewa kwalba ɗaya leva huɗu, uku leva goma." Ya tsaya. Ya goge tabarau, ya sake dubawa. "Wanda ya dawo da kwalba za a rage masa."

Daidai nan bas ta tsaya a bakin layi. Kowa ya juya, ana jiran akwatin gawa. Sai ga Racho ya sauko da kwat da lambar yabo, kamar an ciro shi daga hoton. Masu shagunan birni ko ƙofa ba su buɗe masa ba, amma da ya hango taron, ga furanni, ga Fada, ga mutane riƙe da burodi da lutenitsarsa, sai ƙirjinsa ya taso. Ya taho yana ɗaga hannu.

Stoyna ta saki farantin alkama. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a kan bokiti. Malamin makaranta ya yi alamar gicciye da guntun burodi a hannu.

"Kin gani, tsohuwa?" in ji Racho. "Kin ga ƙarfin talla? Har da furanni. Jama'a, ku bi layi, kowa zai samu. Me ya sa kuke kuka? Daɗin ne?"

"Bai Racho," in ji Fada, "mun zo binne ka ne."

"Binne wa?"

"Kai. Ga takardarka."

"Wannan ai talla ce. Ba ku iya karatu ba ne?"

"Mun iya ganin baƙin gefe," in ji Stoyna, ta dawo hayyacinta har da ƙari. "Kwana biyu ina dafa wa matarka shayi. Na yafe maka zannuwana a gaban kyandir. Na janye."

Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka haƙa rami ya matso, yana dafe da ƙugu. "Kwana biyu muna fama da ƙasa mai duwatsu. Ko ka shiga, ko ka cike shi da hannunka. Zaɓi."

Racho ya waiga ya ga kwalabensa a buɗe, fiye da rabi, cokali a tsaye cikin kowace. "Wa ya buɗe kayan kamfani? To duk wanda ya ci ya biya."

"Mu za ka biya," in ji malamin makaranta da dasasshiyar murya. "Harshena ya mutu kafin kai."

Sai Dafina ta fito daga cikin mata, ta gaya masa inda ambulan ɗinsa ya tafi, da wata nawa zai yi kafin ya dawo. Mutum mai kunya da nan ya tsaya. Racho kuwa sai ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa.

"To me na gaya muku a kan benci? Ban ce fansho ba abin dogaro ba ne? Ga shi kun gani da idonku."

"Fansho ya zo ranar Juma'a da ƙarfe tara," in ji Dafina. "Kai ne ba ka da rai."

Dariyar da aka yi, har Fada sai da ya juya baya yana girgiza kafaɗa. Cikin hayaniyar Minka ta ji an ta da tarakta. Tanas ya mayar da hularsa, ya hau, yana ƙoƙarin juya tirela. Ta ratsa mutane ta tsaya a gaban tayar.

"Ina za ka da itacena?"

"Haba Minka. Na bazawara ne na kawo."

"Dafina, a takardar gwamnati yau ni mece ce?"

Dafina ta ce, "Bazawara, Inna Minka. Har sai an gyara."

"Ka ji. Kwana biyu ina cewa yana da rai, kuka ce takarda ta fi ni sani. Na yarda da ku. A gaban Fada ka ce ba ka son ko kwabo. Fada, ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa," in ji Fada Serafim.

"Ni ba zan ɗumama ɗaki da itacen wannan mutumin ba," in ji Racho. "Dubi yadda ya aske gemu. Ko gawata ba ta yi sanyi ba, Tanas, har ka sa farar riga."

"Kai yi shiru," in ji Minka, ba tare da ta waiwaya ba. "Mamaci ba ya sa baki a maganar masu rai."

Tanas ya dubi Minka, ya dubi jama'a da ke jiran su ga ko zai ci maganarsa. Ya kashe tarakta, ya sauko, ya kwance igiya. Itacen ya zubo a tsakar gida da ƙara mai daɗin ji. Minka ta zagaya tulin sau ɗaya, ta auna shi da ido. Zai kai Maris.

Ta shiga rumfa ta fito da gatari da shebur, ta ɗora wa Racho duka biyun a hannu, a kan kwat ɗinsa da lambar yabo.

"Ka fara cike ramin mutane. In ka dawo ka faskara wannan, ka jere shi har ciki, zan duba baya. Litinin sai mu je ofis."

"Shaidu biyu fa ake so," in ji Racho a hankali. Ya dubi taron. Ba wanda ya ɗaga hannu, kowa na neman ruwan sha. "Ke dai za ki shaide ni, ko tsohuwa?"

"Sai na ga yadda ka jera itacen."